Hancin Takalmi

Yau magana ce bisa wani ɗan abu wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Shi ne hancin takalmi, wato ƴar igiyar nan da ke shiga tsakanin babban yatsan ƙafa da mai bi masa. Manomi na da shi, mai tallan nono na da shi, liman ma na da shi. Amma ba mai tunawa da shi sai ran da ya tsinke a tsakiyar hanya, ko ya ci wa mutum ƙafa. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ni baduku ne. A Damagaram na koyi dukanci, wurin ƙanen mahaifiyata. Na daɗe zaune a rumfa ina kallon masu sayen takalmi. Mutum zai zo, ya ɗauki takalmi, ya juya shi. Ya dubi jar fata da koriya, ya dubi zanen da aka yi bisa. Ya lanƙwasa ƙasan ya ga ko da ƙwari. Ya yi ciniki har gumi ya keto masa. Amma da wuya ka ga wanda zai sa yatsa ya taɓa hancin. Alhali nan ne ran takalmi yake. In ado ya goge, kana tafiya. In ƙasan ya cinye gefe guda, kana tafiya. In hanci ya tsinke, tafiya ta ƙare. Sai ka ɗauki takalminka a hannu, ka bi ta cikin ƙarangiya da tsidau.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da yanzu mun iya. Babban mutum in ya yi tafiyar kilometa 1, ya yi taki fiye da 1.000. A ce daga garinku zuwa kasuwa kilometa 10 ne. Zuwa da komowa kilometa 20 ke nan, taki fiye da 20.000. Kowace ƙafa ta ɗaga fiye da sau 10.000. Duk ɗagawa guda, takalmi na so ya zauna ƙasa, ƙafa na jan shi sama. Wa ke tsakaninsu? Hanci. Wannan fa aikin yini ɗaya ne.

Fatar da ke tsakanin yatsu kuwa ba irin ta dunduniya ba ce. Dunduniya ta saba da wahala, ta yi kaushi. Tsakanin yatsu fata ce mai laushi kamar ta jariri. Ga gumi, ga rairayi na shiga. Don haka abu biyu ake nema wurin hanci. Ya yi ƙarfi kamar igiyar guga, kuma ya yi laushi kamar auduga. Su biyun nan ba su son zama wuri ɗaya. Mai ƙarfi yakan yi tauri, mai laushi yakan tsinke. Sasanta su shi ne aikin baduku.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba, kuma ba mu kaɗai ke da ita ba. A shekarar 1922 aka buɗe kabarin wani sarkin Masar na zamanin da, mai suna Tutankamun. Ya mutu fiye da shekara 3.000 da suka wuce. Cikin kayan da aka binne shi da su an sami takalma da yawa, da hancinsu tsakanin yatsu kamar namu. A Indiya akwai wani takalmin katako da ba shi da igiya ko guda. Ɗan turke ne kawai mai kai aka kafa masa, mutum ya matse shi da yatsu biyu ya yi tafiya. Malamanmu sun karanta mana cikin littafin Buhari cewa takalmin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hanci biyu gare shi. Cikin littafin Muslim kuwa an hana mutum tafiya da takalmi ɗaya in igiyar ɗayan ta tsinke, sai ya gyara. Kun ga tsinkewar hanci tsohuwar damuwa ce. A ƙasarmu ta Hausa ma sana'ar ta daɗe. Wani matafiyi Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya ratsa Agadas da Tasawa, ya isa Kano a 1851. Ya rubuta cewa takalman fata na cikin kayan da Kano ke fitarwa da yawa, har ƙetaren hamada.

Aikin hanci daga wurin majema yake farawa. Ƙasan takalmi ƙirgi yake so, wato fatar saniya mai kauri. Hanci kuwa fatar akuya yake so, don ita ce ta haɗa laushi da ƙarfi. Fatar tunkiya na da laushi, amma ba ta da ƙwari. Allah ya ba mu jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Shekaru da yawa Turawa na sayen irin wannan fata da sunan fatar Maroko, don ta can take bi kafin ta isa hannunsu. Amma ko ta jar akuya ce, in ba ta sha bagaruwa ta ƙoshi ba, ba ta da amfani. Ga yadda ake ganewa. Ka yanki ɗan gefe da aska, ka dubi bakin yankan. In launi ɗaya ne daga sama har ƙasa, jima ta kai. In ka ga wani farin layi a tsakiya, majemi ya yi gaggawa, cikin ɗanye ne. Irin wannan, ran da ta jiƙe ta bushe, sai ta ƙandare kamar ƙaho.

Kuma ba ko'ina cikin fata ake yanko hanci ba. Gadon baya ake nema, a bi tsawon dabbar, daga wuya zuwa wutsiya. Ta nan fata ba ta miƙewa sosai. Ta ciki da ta hammata sako-sako ce. Baduku mai son riba da ita yake hanci, don ragowa ce, ba ya son ta tafi banza. Sati biyu sai hancin ya ƙara tsawo, takalmi ya dinga fita daga ƙafa.

Sai awo. Kawuna, Allah ya jiƙansa, da ɗan kara yake awo. Ya ɗora shi a ƙafar mutum, ya karya daidai tsawonta, ya yi tsaga da aska inda hanci zai zauna. Idonsa da hannunsa sun ƙware. Amma kara ba ya faɗin sunan mai shi. In sallah ta matso, karare sun taru cikin ƙwarya, sai a yi ta tambaya: wannan na wane ne?

Ni da na shiga karatun manya, sai na koma takarda. Ta buhun siminti ma ta isa, ko kwali. Mutum ya hau bisa, tsaye, ba zaune ba, don nauyin jiki na baje ƙafa. In da hali da marece, don ƙafa kan ɗan kumbura in ta yini aiki. In zagaya ƙafar da bik, ina riƙe da shi a miƙe. Sannan in sa bakin bik tsakanin yatsun nan biyu, in ɗiga alama. Ƙafa biyu duk nake zanawa. Mutane na mamaki, amma da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗaya. Ramin hanci ba bisa ɗigon nan daidai nake huda shi ba. Ina matsawa gaba kaɗan, kamar faɗin ƙwayar dawa. In ya matso baya, zai dinga sukar kwarin yatsu duk taki. In ya yi gaba da yawa, ƙafa ta bi shi, yatsu su leƙa waje su yi ta tuntuɓe. A gefen takarda in rubuta sunan mutum, da garinsu, da ranar. Akwai wani makiyayi can arewa wajen Tanut. Sau ɗaya ya taɓa tsayawa bisa takardata. Yanzu saƙo kawai yake aikowa, in buɗe akwati in ɗauko ƙafarsa.

To, ga yadda ake hancin kansa. A yanko fata mai faɗin santimeta 2 da rabi, tsawo kamar santimeta 15. A kwantar da ita bisa katako. A kankare gefe biyu ta ciki da aska mai kaifi, har su yi kamar takarda. Wannan kankarewa ita ce aikin da yara masu koyo ba su so. Tana cin lokaci, kuma ba mai ganinta. Amma in ba a yi ta ba, inda gefe ya hau gefe zai yi tudu. A yayyafa ruwa kaɗan, fatar ta yi taushi. A sa murɗaɗɗen zaren auduga mai ƙarfi a tsakiya, ko siririn ƙiri. Shi ne ƙashin bayan hanci. A naɗe fatar bisa shi, fuska mai santsi tana waje. A ɗinke, ɗinki ƙanana, kusa da kusa.

Ɗinkin nan ina zai duba? Ku lura, hanci fuska huɗu gare shi. Dama da hagu yatsu ne. Baya kwarin yatsu ne, inda fata ta fi laushi. Gaba kaɗai ne ba ya taɓa kome sai iska. To, can ɗinki zai duba. Wanda bai san wannan ba, ko ya shekara nawa da basilla a hannu, da saura. Bayan haka a murza shi bisa katako da kwalba har ya mulmule. A shafa man kaɗe kaɗan, a bar shi ya sha iska a inuwa. Kawuna in yaro ya miƙa masa hanci ba ya dubawa da ido. Bisa leɓensa yake gogawa. In leɓe ya ji kaushi, sai ya jefa wa mai shi, ya ce, "Kai yaro, abin da leɓe ya ƙi, ƙafa ma ba ta so. Kwance." Yaro ya ce, "To, Baba," ya koma gefe yana kwancewa.

Kauri kuwa, ni da bik nake kwatantawa, ya kasa shi kaɗan. Siriri ƙwarai yanka yake, yadda zare ke yanka sabulu. Mai kauri ƙwarai yana buɗe yatsu, da marece mutum ya ji gaɓar babban yatsa na ciwo. Amma ƙafafu ba ɗaya ba ne. Manomin da ya tashi ba takalmi, yatsunsa a buɗe suke, babban yatsa ya ware gefe. Mai kauri ya dace da shi. Ma'aikacin da ya shekara ashirin cikin rufaffen takalmi, yatsunsa sun manne da juna, sai a rage masa. Mata su ne ke ba ni wahala a nan. Kowace siriri take so, wai ya fi kyau a ido. Nakan ce, "Uwargida, rijiya za ki da shi ko biki?" In biki ne, in yi mata yadda take so.

Inda hanci ya fi mutuwa shi ne gindinsa, wurin da ya shiga ƙasan takalmi. Ramin da ƙarfe mai zagayen baki ake huda shi. Wanda ya tsaga da wuƙa ya riga ya fara yaga takalmin, don tsaga tafiya take, ba ta tsayawa. Rami zagayayye ba shi da bakin da zai bi. Hanci ya ratsa fallen sama. A ƙarƙashi a raba wutsiyarsa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a kankare su su kwanta sumul. A sa danƙo, kuma a ɗinke su da fallen. Sa'an nan fallen ƙasa ya zo ya rufe. Ta haka ƙasa ba ta ganin gindin hanci, balle ta ci shi. Masu gaggawa ƙulli kawai suke yi a ƙarƙashi. Ƙasa na cin ƙullin kullum, kuma mai takalmi na jin sa kamar tsakuwa. Wasu kuma danƙo kaɗai suke sawa, ba ɗinki. Sun manta da bazararmu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, rairayi kuwa ya fi haka nesa. Danƙo na sakin jiki cikin irin wannan zafi. Zare ba ruwansa.

Sau da yawa mutum kan kawo mini takalmi ya ce hanci na cin sa. In duba, in ga hanci ba shi da laifi. Laifin na igiyoyin nan biyu ne da ke tasowa daga gefe, su haɗu da shi bisa ƙafa. Su ne ya kamata su riƙe ƙafa. In sun kwanta daidai bisa bayanta, hanci ɗan jagora ne kawai, yana hana ta karkata. In sun yi sako-sako, ƙafa na zamewa gaba, duk nauyi ya faɗa kan hanci. Yatsu kuma su dinga ƙanƙame takalmi kada ya faɗi, kamar kaza bisa reshe. Shi ya sa wani in ya komo daga kasuwa ƙwaurinsa ke ciwo, ya ce tsufa ne. Sabon takalmin fata ya kamata ya ɗan kama ka. Yatsa guda ya shiga ƙarƙashin igiya da ƙyar. In biyu sun shiga ran saye, bayan wata guda hannu duka zai shiga.

Yanzu mu zo ga na roba, tun da shi ya cika kasuwa. Siffarsa daga Japan aka ɗauko ta. Can suna da takalmin gargajiya na karan shinkafa, mai hancin ƙyalle. Bayan babban yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, aka shiga yin irinsa da roba, ya bazu. A 1962 wani kamfani a Burazil ya fito da nasa mai suna Havaianas, ya yi suna ƙwarai. Yau daga ƙasar Sin da Najeriya da sauran wurare ake zubo mana shi. Ba zan zage shi ba, ko da yake ya rage mana ciniki. Ba ya tsoron ruwa. Da damina, da wurin wanka, da bayan gida, ya fi na fata. Kuma talaka na iya saya wa ƴaƴansa duka. Akwai wata tsutsar ciki da ke shiga mutum ta fatar ƙafa, a ƙasa mai laima inda ake bayan gida a fili. Jini take sha, ta bar yaro ba jini ba ƙarfi. Takalmi, ko na roba ne, yana rage wannan.

Amma ku dubi hancinsa da kyau. Narka roba ake yi, a ɗura ta cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. Inda ɓari biyun suka haɗu, wani siririn layi na fitowa a jikin robar. In mazubin ya tsufa, layin ya yi kaifi. Sau da yawa kuwa ta jikin hanci yake bi. Shi ke yanka ƙafa, mutane su ce ai sabon takalmi ne, zai saba. Roba ba ta sabawa, ƙafar ce ke yin kanta. Ka sa reza ka kankare layin nan tun ran farko. Gindinsa kuma ɗan maɓalli ne da ke zaune cikin gurbi a ƙarƙashi. In ƙasan takalmin laushi gare shi kamar soso, rami na buɗewa, maɓalli ya fice. In ana barin sa cikin rana kullum, robar na bushewa, wuyan maɓallin ya karye. Wajen saye ka juya shi ka duba. Maɓallin ya zama mai faɗi, ya nutse cikin gurbinsa, kada ya taɓa ƙasa.

A ce na roba jika 1 ne, ka canza sau 4 a shekara. A ce na fata jika 4 ne, ya yi shekara 2 da gyara ɗaya. Ku yi lissafin da kanku cikin kaye. Araha ba ta ado. Amma na sani, wanda ke da jika 1 yau ba lalle yana da 4 ba, kuma ƙafa ba ta jiran kaka.

Ran da maɓalli ya karye, kowa ya san abin da ake yi. A nemo ƙusa ko waya a soke a gindin. Wannan gyara ina ƙin sa. Ƙusa na juyawa, wata rana bakinta ya dubi sama. Ciwon nan mai sandare jiki ya ɗaure haƙora, wanda likita ke kira tetanos, ƙwayarsa cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Rauni mai zurfi mai ƙaramin baki take so, irin na ƙusa. Akwai allurar rigakafinsa. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da sabulu, ya tafi gidan likita ran nan.

Ga gyaran da ya fi. Ka sami tsumma mai ƙarfi, faɗin yatsa biyu. Ka rataya shi inda igiyoyi biyu suka haɗu, ka murɗa, ka zura baki biyun cikin rami. Ka yanko ƴar roba daga tsohuwar jarka ko robar cikin taya, daidai faɗin gurbin maɓalli. Ka huda tsakiyarta, ka zura tsumman, ka ƙulle. Robar na hana ƙulli ficewa. Hancin tsumma ya fi na kamfani daɗi a ƙafa. In ya mutu ka kwance ka sa wani, yadda mutanen Japan ke yi da nasu.

Na taya kuwa, wanda makiyaya ke so don ƙaya ba ta huda shi, maganarsa gajera ce. Tayoyin yanzu da yawa akwai wayar ƙarfe a cikinsu. A nemi mai zare, a bar mai waya. Kuma a naɗe hancin da fata ko ƙyalle, don gefen yankakkiyar taya kaifi gare shi.

Kada wani ya ce na cika baki bisa ƙaramin abu. Akwai wani dattijo a wani ƙauye kudu da Mirriya, abokin mahaifina ne. Ciwon sukari ya kama shi. Masu wannan ciwo, in ya daɗe, ƙafarsu kan daina ji sosai, kuma rauni ba ya warkewa da wuri. Ɗansa ya komo daga ci-rani, ya kawo masa sabon takalmin sallah, mai ƙyalli, mai hancin roba. Dattijo ya ji daɗi. Ya sa, ya tafi idi, ya zaga gaisuwa gida-gida har la'asar. Hancin ya yi masa bororo, bororo ya fashe, shi bai ji kome ba. Sai bayan kwanaki jikarsa ta ga ƙudaje na bin ƙafar. Aka sa toka, aka sa ganye. Da aka kai shi asibiti, wuri ya riga ya ɓaci. Babban yatsa aka cire.

Na je duba shi. Na ce, "Baba, sannu. Yaya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Amma ka ga ikon Allah. Shekara saba'in ina taka ƙaya ba ta kayar da ni ba, sai takalmin sallah."

Ɗan na zaune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ba wanda ya ce masa kome. Damina ta zo, rabin gonar dattijo aka noma, don ba babban yatsa tsayuwa bisa hauya ta yi masa wuya.

Shi ya sa in mai ciwon sukari ya zo rumfata, ba na yi masa takalmi mai hanci, ko nawa zai biya. Mai faɗin igiya nake yi masa, wanda ke rufe bayan ƙafa, ba abin da ke shiga tsakanin yatsu. Likitoci ma haka suke gargaɗi. Kuma ina gaya masa ya dinga duba tsakanin yatsunsa kowane dare. In idonsa ba ya gani, ya sa wani ya duba masa.

Mu masu alwala sau biyar a yini, akwai abin da ya shafe mu. Jiƙaƙƙiyar ƙafa na shiga takalmin fata. Hanci ya sha ruwa ya bushe, ya sha ya bushe. Man da ke cikin fatar na fita, ta yi tauri, ta tsage. Ka ajiye na roba wurin buta. In ba hali, ka share tsakanin yatsu kafin ka sa. Takalmin fata in ya jiƙe, inuwa yake so, ba rana ba, ba bakin wuta ba. Sau ɗaya a wata ka lakato man kaɗe ka murza wa hancin. Kada ka cika, rairayi na manne wa mai. Af, kuma ka rubuta sunanka a ƙarƙashi, tun da ka iya. Ƙofar masallacin Juma'a ta raba mutane da yawa da takalmin kirki.

Iyaye kuma na da wata al'ada, sayen babban takalmi wai yaro ya girma a ciki. Na san dalili, kuɗi ne. Amma hancin babban takalmi ya fi ƙarfin yatsun yaro, igiyar kuma ba ta kama shi. Yana gudu yana faɗuwa. Kwana uku sai ya gaji, ya tuɓe ya ajiye a gindin itace, ya tafi wasa. Daga nan an rabu ke nan. Lamba ɗaya sama da ƙafarsa ta isa.

Abin da ke damuna yanzu cikin sana'armu shi ne wannan. Ana sayar da hancin roba shiryayye, cikin leda. Wasu dukawa sai su saya, su liƙa masa siririyar fata da danƙo, su kafa a takalmin fata. A ido ba ka rabewa. Mai saye ya biya kuɗin aikin hannu, ya tafi da roba. Na yi wa wani magana a kasuwa, sa'ana ne. Na ce, "Haba abokina, wannan ai ha'inci ne." Ya ce, "Kai ka yi uku a yini, ni in yi ashirin. Cikinmu wa zai auna wa iyali hatsi?" Maganarsa ta yi mini zafi, amma ba duka ce ƙarya ba. Mutane ba su biyan lokacin da kankarewa da ɗinki ke ci, don ba su san ana yin su ba.

To, yanzu ku kun sani. Ga yadda za ka gane na gaske ran kasuwa. Ka lanƙwasa hancin tsakanin yatsun hannunka. Na fata yana bi a hankali, na roba yana zabura ya koma yadda yake. Ka nemi ɗinkin, ka ga ko gaba yake duba. Ka shafa tafin takalmin wurin gindin hanci, ka ji ko da tudu. Sa'an nan ka riƙe ƙasan da hannu ɗaya, ka ja hancin da ɗaya, ja na gaske. In mai rumfa ya ce kada ka ja, ka ajiye masa abinsa, ka matsa rumfa ta gaba.